Me ya sa cuta ta fi yawa a kambo fiye da ƙauyen da ke kusa da shi?

Ɗan Sinnar:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena, ina da tambaya wadda na daɗe ina juyawa a raina, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka yi aikin lafiya a Jazira da Gadarif, a nan Sudan, tun kafin a haife ni. Ni malamin makarantar firamare ne, ina kuma cikin wani ƙaramin kwamiti da ke tattara buƙatun da za mu miƙa wa hukuma, yanzu da mutane suka fara komawa gidajensu bayan ɓarnar da yaƙi ya yi a Jazira da Sinnar.

Duk wanda ya san gonakin Jazira ya san akwai ƙauyukan masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gona a cikin shirin noman rani, akwai kuma kambo, matsugunan 'yan ƙwadago da ke gefen magudanan ruwa, inda danginmu da yawa suke zaune tare da 'yan'uwa daga Darfur da Kordofan. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin ƙauye da kambo ba ta wuce tafiyar ƙafa ba. Magudana ɗaya ce ta ratsa su, sauro ɗaya ne yake cizon su, amma tun kafin yaƙi, idan na dubi ɗalibaina, yaran kambo ne suka fi fitsarin jini, su suka fi fashin makaranta saboda zazzaɓi da gudawa, kuma a cikinsu aka fi ganin rama.

A kwamitinmu an rabu gida biyu. Wasu suna cewa laifin na mutanenmu ne, domin yara suna wanka a magudana, ba a haƙa masai, ba a kuma kai marar lafiya asibiti sai cuta ta ci ƙarfinsa. Wasu kuma suna cewa tsarin gwamnati ne ya ajiye su a inda cuta take. Ina roƙon waɗanda suka san al'amarin su fayyace mana wane ɓangare ne ya fi kusa da gaskiya. Kuma tunda mun san ba za a ba mu duk abin da muka nema ba, wanne ya kamata mu sa a gaba a takardarmu: ɗakin shan magani, ko katin inshorar lafiya, ko ruwan sha?

Tsohon Ma'aikacin Lafiya, Wad Madani:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka kawo wannan magana a lokacin da ake buƙatarta. Zan fara da tarihi, domin wanda bai san yadda aka yi kambo ya samu ba zai daɗe yana zargin mazaunansa.

An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe shirin Jazira domin noman auduga, daga baya aka ƙara faɗin Manakil har gonakin suka kai wajen fadan miliyan biyu (fadan ma'aunin gona ne mai kusan girman eka). Auduga tana son hannu da yawa wajen shuka da cirar ciyawa da tsinka, masu hawasha kuwa ba za su iya su kaɗai ba. Sai aka jawo 'yan ƙwadago daga yammacin Sudan da kuma Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda da yawansu suna kan hanyar Makka ne suka tsaya neman guzuri. Aiki aka ba su, mafi yawansu ba a ba su gona ko filin zama na dindindin ba. Suka kafa bukkoki a gefen magudana, a ƙasar da take ta shirin ce ko ta mai hawasha, kuma jikokinsu suna nan a wurin har yau. Matsugunin da ba a yi masa rajista a matsayin ƙauye ba, ba ya shiga taswirar hukuma, wanda bai shiga taswira ba kuwa ba a ware masa kuɗin rijiyar burtsatse ko makaranta ko ɗakin shan magani. Bayan 1950, lokacin da hukumar shirin ta karɓi ragama daga kamfanin Turawa, an ware wani kaso na kuɗin auduga domin ayyukan jin daɗin jama'a, aka haƙa rijiyoyi da shi, amma ƙauyukan masu hawasha ne suka fi cin moriyarsa.

Yanzu ka dubi yadda tsargiya, wato cutar fitsarin jinin da ka ambata, take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, ya hayayyafa a ciki, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, shiga kawai ta isa. To matar da ba ta da famfo, a ina za ta yi wanki da wanke-wanke? Mutumin da sana'arsa ita ce ban-ruwa da yashe magudana, yaya zai guje wa ruwan? Kuma wa zai kashe kuɗinsa ya gina masai na siminti a filin da za a iya tashinsa gobe? Abin da 'yan kwamitinku suke kira halin mutane, mafi yawansa hali ne da wurin zama ya tilasta musu.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da na gani da idona a shirin lafiya na Bulu Nayil, wanda gwamnati ta fara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarshen shekarun 1970, ya yi kimanin shekara goma. An riƙa fesa maganin sauro a gidaje, ana zuba maganin kashe dodon koɗi a magudanai, ana raba ƙwayar maganin tsargiya a makarantu da ƙauyuka, ana kuma gyara hanyoyin ruwan sha da raba murfin masai. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai, tsargiya ma ta ja baya, alhali mutanen su ne dai, al'adarsu ba ta sauya ba. Da kuɗin shirin ya ƙare, ba a daɗe ba zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa a farkon shekarun 1990. Sai kuma dokar shirin Jazira ta 2005 ta ɗora wa ƙungiyoyin manoma nauyin kula da ƙananan magudanai, su kuwa ba su da kuɗi ko injinan yin haka, ciyawa da laka suka cika su. Ruwan da ba ya gudu sosai shi ne gidan sauro da dodon koɗi. Waɗanda suka rubuta wannan doka noma suke tunani, ba na jin lafiya ta zo musu a rai, amma a jikin yara sakamakonta ya bayyana.

Saboda haka shawarata ita ce ku sa rajistar matsuguni da ruwan sha a kan gaba. Ɗakin shan magani zai ba yaro ƙwaya yau, gobe ya koma ruwan nan ya sake ɗauka.

Ungozoma, Gadarif:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, sai dai ina so in ƙara wani ɓangare da mu masu karɓar haihuwa muka fi gani, domin rajistar fili takan ɗauki shekaru, mace mai naƙuda kuwa ba ta da shekaru.

Har zuwa farkon shekarun 1990 magani a asibitin gwamnati kusan kyauta ne, duk da ƙarancinsa. Da aka shiga tsarin sakin kasuwa a 1992, sai aka fara karɓar kuɗi a ƙofa: kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin gado, kuɗin tiyata. Domin rage raɗaɗin haka ne aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa, kuma a jiharku ta Sinnar, Malam, aka fara aiki da ita a 1995. Amma da ma'aikatan gwamnati aka fara, waɗanda ake cire musu kaso daga albashi kowane wata. Mai yankan riɗi a Gadarif ko mai tsinkar auduga a Jazira ba shi da albashi, kuɗi yana shigo masa ne lokacin kaka, sauran watanni yana cin bashi. Daga baya an faɗaɗa tsarin, Diwanin Zakka da ma'aikatar kuɗi suka riƙa biya wa iyalai matalauta, dokar 2016 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Wannan ci gaba ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. To amma kafin a rubuta sunan mutum ana neman lambar ɗan ƙasa, kuma a nan ne tsohon ciwon mutanenmu yake tashi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, alhali babbar hijirar mutanenmu daga ƙasar Hausa ta biyo bayan yaƙin Burmi ne na 1903, wanda aka yi da Turawan mulkin mallaka. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, dokar 1994 ta mayar da shi farkon 1956, amma gidajen da uba bai samu takarda ba sukan gadar wa 'ya'ya da jikoki wahalar neman shaidu. Mace da aka haifa a kambo, ba takardar haihuwa, ba lamba, ko an ce magani kyauta ne ga mai kati, ita ba ta cikin lissafi.

A 2008 an sanar da cewa tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Na yi murna da wannan, kuma ya ceci rayuka. Sai dai sanarwa daban, kuɗin aiwatarwa daban. Idan babu ruwan ƙari da zaren ɗinki da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ma'ajiyar asibiti, takarda ake rubuta wa miji ya je kantin magani na waje ya sayo. Shi ya sa tun kafin yaƙi wajen kashi biyu cikin uku na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Sudan daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, a ƙasar da ta sa hannu a alkawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, ba ta kuma cika shi ba.

Akwai kuma abin da aka yanke a ma'aikatar kuɗi wanda ya iso har ɗakin haihuwa. Bayan ɓallewar Kudu a 2011 ƙasar ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na man feturinta, dala ta yi wuya, mafi yawan magunguna kuwa da dala ake shigo da su. A watan Fabrairu na 2021 aka karya darajar fam ɗin Sudan a hukumance daga 55 zuwa wajen 375 a kan dala ɗaya, kuma a tsakiyar wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Masu hawan jini da ciwon suga suka koma raba ƙwaya biyu ko tsallake kwana. An ɓullo da shirin tallafin iyali na Samarat, wanda ya yi alkawarin kwatankwacin dala biyar ga kowane mutum a wata, amma shi ma da lambar ɗan ƙasa ake shiga, kuma ya tsaya bayan juyin mulkin watan Oktoba na 2021. Wani abin lura shi ne, tallafin alkama da aka daɗe ana yi mutanen birni masu cin burodi ne suka fi amfana da shi, mu a ƙauye dawa muke ci, amma da aka janye tallafin mai, kuɗin motar kai marar lafiya ne ya ninka a kanmu.

A nan Gadarif muna da kala'azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo da dare yake yaɗawa, a wuraren da ke da baƙar ƙasa mai tsagewa da itatuwan aduwa da na ƙaya, musamman ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara, inda Hausawa suke da yawa. Tana kumbura saifa, tana ramar da mutum, idan ba a yi magani ba takan kashe. Allurar kanta akan same ta kyauta, amma kwana 17 ake yi ana karɓa a jere, dole marar lafiya da mai jinya su bar gona su zauna kusa da asibiti suna ci da kansu, kuma da damina hanyoyinmu ba sa biyuwa. Wanda yake da ɗan abin hannu yakan zo da wuri, ɗan ƙwadago yakan jira sai an ɗauko shi. Don haka ni, Malam, zan ce ku sa takardun shaida da katin inshora daidai da ruwa, kada ku bar su a ƙasan takarda.

Mazaunin Jidda:

Assalamu alaikum. Ni ɗan Kassala ne, ina aiki a Saudiyya, kuma abin da Hajiya ta faɗa game da takarda na gan shi a nan ta wata fuska, a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko asibitoci ba. Doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa baƙon ma'aikacinsa inshorar lafiya, kuma an haɗa inshorar da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Mai iƙama mai rai yana da likita, wanda tasa ta mutu yakan yi ta sayen magani a kanti har ciwon ya yi nisa. Daga watan Yuli na 2017 aka sa harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum da baƙo yake riƙe da shi a gidansa, yana ƙaruwa kowace shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Magidanta da yawa suka mayar da iyalansu gida, wasu kuma suka kasa sabunta takardun 'ya'yansu.

Amma na ga kuma inda doka ta kare lafiyar talaka ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba. An hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Kuma a watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda suka saɓa dokar zama. Dalilin a bayyane yake: annoba ba ta tsayawa a kan wanda ba shi da takarda. Ina ganin wannan hujja ce da za ku iya kafawa a gaban hukuma, domin kwalarar da aka sanar da ɓarkewarta a Sudan a watan Agusta na 2024 ta nuna cewa gurɓataccen ruwan unguwa ɗaya yakan kai cuta gari duka. Mai hawasha ma yana da riba idan kambo ya samu famfo.

Baban Yara, Maiwurno:

Na karanta duka, na kuma ƙaru, amma ina tsoron kada mu sauke wa kanmu nauyi gaba ɗaya. Na san gidajen da ma'aikatan rigakafi suka zo har ƙofa aka mayar da su, na san inda aka cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita jikinta bai isa haihuwa ba, na kuma san magidantan da ba sa barin mace ta je awo sai sun dawo daga gona, ko da tana zubar da jini. Waɗannan ba hukuma ce ta yi mana su ba. A lokacin yaƙin nan matasa sun kafa ɗakunan agajin gaggawa da takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, suna ciyar da dubban mutane da gudummawar 'yan'uwa na waje, abin da ya nuna muna iya haɗa kai idan mun so. Me zai hana wannan haɗin kai ya koma kan haƙa masai da tura 'yan mata makarantar ungozoma?

Ɗan Sinnar:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya biya ku. Baba na Maiwurno, maganarka tana kan hanya, kuma zan karanta ta ga 'yan kwamiti yadda ka rubuta ta. Abin da na fahimta shi ne mu raba takardar gida biyu, abin da muke nema daga hukuma da abin da muka ɗauka wa kanmu. Sauran damuwata ita ce, jami'in da za mu kai wa takarda zai ce babu kuɗi, kuma a halin da ƙasa take ciki ba ƙarya zai yi ba. Hajiya, da me za mu amsa masa?

Ungozoma, Gadarif:

Ɗana, ku je masa da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa, ku kuma je da lissafi a hannu. Kafin ku rubuta komai, ku bi kambo gida-gida ku ƙidaya mutane nawa ne ba su da lambar ɗan ƙasa, yara nawa ne ba su da takardar haihuwa, mata nawa ne masu ciki, kuma daga ina kowane gida yake ɗebo ruwa. Ku nemi a turo ayarin rajista zuwa wurin na 'yan kwanaki, maimakon kowane magidanci ya bar aikinsa ya yi ta zirga-zirga zuwa gari da shaidu. Ku nemi kwamitin zakka na yankin ya karɓi sunayen kambo kai tsaye daga hannunku, domin idan ta hannun ƙauyen da ke kusa za a bi, sunayen sukan tsaya a hanya. Game da ruwa, a wurare da dama jawo bututu daga tankin ƙauyen maƙwabta ya fi haƙa sabuwar rijiya sauƙi, amma ku zauna da mutanen ƙauyen ku yi yarjejeniya a rubuce a kan kuɗin mai ko gyaran na'urar hasken rana, don kada rigima ta taso daga baya.

Maganar Baba na Maiwurno ta tura 'yan mata karatu kuwa ita ce na fi so ku riƙe. Ma'aikaciyar da aka turo daga birni ba ta daɗewa a wurin da babu ruwa da wuta, amma 'yar kambo da ta yi makarantar ungozoma a nan za ta zauna, tana jin yaren matan, kuma miji ya fi yarda ya bar matarsa a hannunta. Ku zaɓi biyu ko uku da suka gama sakandare, ku rubuta sunayensu a cikin takardar, ku nemi ma'aikatar lafiya ta jiha ta ba su gurbi, ku kuma sa sharaɗin cewa idan sun gama za a ɗauke su aiki da albashi, domin ungozomomin ƙauye da yawa sun yi shekaru suna aiki ba tare da an sa su cikin jerin masu albashi ba.